Layin Argungu

Ƙarfe takwas da kwata daidai sunan mamacin ya sake hawa allo.

Nu'uman ya sauke kofin shayinsa a hankali. Ga shi nan a layi na uku da ƙananan haruffa farare: illo, Argungu. Kwana goma sha tara ke nan da aka kai Malam Illo makwancinsa, amma tun washegarin sadakar bakwai sunan bai yi fashi ba ko sau ɗaya. Zai shigo ya zauna shiru, bai turo komai ba, bai ɗauki komai ba, bayan minti goma sha biyar ko ashirin ya fita abinsa.

“Ya zo?” in ji Hamida, abokiyar aikinsa, daga teburin da ke bakin taga. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ya zo.”

“To ka yanke shi mana. Bunza na jira tun ɗazu.”

Nu'uman ya yi kamar bai ji ba.

Aikin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne, ko da yake 'yan unguwarsu ta Nasarawa sun ɗauka shi ke juya jihar Kebbi daga kujera. Ofishi ne na lura da ruwan fadama, yana da tashoshi bakwai a bakin gulbi. Kowace safiya ma'aikacin tasha zai je ya karanta sandar awo da aka kafa cikin ruwa, ya dawo ya buga lambobin a kwamfuta, ya turo fayil ɗin ta wayar tarho zuwa babbar kwamfutar da ke Birnin Kebbi, wadda suke kira saba. Da waɗannan lambobi ake gaya wa manoman shinkafar Zauro da Ambursa ko su kwana da ido ɗaya. Matsalar ita ce tashoshi bakwai ne, layukan waya kuwa uku. Shi ya sa aka zaunar da Nu'uman gaban allo yana duba wanda ke ciki, da lokacin da ya shigo, da abin da yake turowa, da mintunan da ya yi shiru. Dokar kuma a rubuce take a jikin bango: wanda ya yi minti goma bai motsa ba, a yanke shi a ba wani.

Kowa ya sha wannan wuƙa ban da Malam Illo. Dattijo ne da ya shekara ashirin yana awon ruwa da biro da littafi kafin a ɗora masa kwamfuta a ka. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Nu'uman yakan bar shi ya yi minti ashirin, wani lokaci har rabin awa, in ya gama sai ya ɗauki waya ya kira shi.

“Baba Illo, yau ma kunkuru ya riga ka.”

“Ɗan birni, gulbin ma ba gudu shika yi ba. Ka kwana lahiya?”

Shekara uku suna haka. Sau huɗu kacal suka haɗu ido da ido, amma duk watan Azumi sai bandar kifi ta iso Nasarawa cikin kwali, an ɗaure da igiyar kaba.

Ranar Talatar da abin ya faru baƙi ne suka zo daga Abuja. Shugaban ofis, Alhaji Junaidu, ya tsaya a kan Nu'uman da baƙin a bayansa, ana jiran fayil ɗin Yauri, ga layuka uku duk a cike. Illo ya shigo takwas da minti goma sha huɗu, bai turo ko harafi ɗaya ba. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Alhaji ya nuna allon da makullin motarsa ya ce, “Wannan fa? Barci yake?” Baƙin suka yi dariya. Nu'uman ma ya yi dariya, sannan ya danna. Ya ce a ransa in baƙi sun tafi zai kira dattijon ya tsokane shi. Baƙi ba su tafi ba sai azahar, aka shiga rabon abinci, ya manta. Bayan la'asar aka bugo cewa an sami Malam Illo a faɗe a ɗakin aikinsa, an kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Saba ba ta mantuwa, kuma ba ta san kara ba. A rajistarta an rubuta: illo, shiga 8:14, mai lura ya yanke 8:41. Nu'uman ya karanta wannan layi har ya haddace. Da ya je ta'aziyya ya zauna cikin maza a ƙofar gida, ya shafa fatiha, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Sai ga sunan ya dawo.

Ba ya cikin masu yarda da fatalwa, ɗan gidan malamai ne, ya san wanda ya tafi ya tafi. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya rame, ya daina karin kumallo a gida, tun bakwai da rabi yake zuwa ya zauna yana kallon agogo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ɗakin aikin Argungu an sa masa kwaɗo tun ranar rasuwa, makullin yana cikin durowar Alhaji Junaidu. Lambobin awo ma a takarda ake aiko su ta hannun direbobin tasha kafin a tura sabon ma'aikaci. An kira wayar ɗakin sau biyu, ba wanda ya ɗauka. To wa ke shigowa? Kuma me yake jira da yake zama shiru, in ba so yake a sake yanke shi ba?

Ranar Alhamis Alhaji ya kira shi ofis.

“Hamida ta gaya mini. Wani ɓata-gari ne ya sami kalmar sirrin marigayi, yana cinye mana layi ga damina ta kankama. Ka goge sunan.”

“Yallaɓai, a ba ni makullin in je in gani da idona.”

“Ganin me? Minti ɗaya ya ishe ka ka goge.”

“Gani ya kori ji, yallaɓai.”

Alhaji ya dube shi, ya ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya jawo durowa ya miƙa masa makullin. “Litinin nake son in ga babu sunan nan. Kuma kuɗin mota naka ne, ba na ofis ba.”

Ranar Lahadi bayan sallar asuba ya shiga motar farko. Sun wuce Zauro gari na wayewa, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, ruwa na ƙyalli a tsakanin kunyoyi. A Ambursa aka ƙara fasinja biyu da buhun iri, aka matse shi jikin ƙofa. Mutanen motar suna ta gardama kan ko gulbi zai yi ambaliya bana. A da shi zai raba musu gardamar da lambobi, yau kuwa ko tari bai yi ba.

Takwas saura kaɗan ya isa. Gidan yana can ƙarshen gari wajen gangaren gulbi, ɗakin aikin kuma a jikin katangar gidan yake, ƙofarsa na kallon hanya. Ga kwaɗon nan a rufe, har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. A gindin wata bishiyar bedi wani tsoho na zaune yana gyaran homar kamun kifi. Maigandi ne, masuncin da ke kai Illo wurin sandar awo a kwalekwale, shi ne kuma yake karanto lambobin yanzu. Suka gaisa, suka sake yi wa juna ta'aziyya. Nu'uman ya ƙi zama. Ya je ya tsaya gaban ƙofar da makulli a hannu, yana duban agogonsa.

Takwas da minti goma sha huɗu, daga cikin ɗakin da ke kulle, wani abu ya yi ƙit. Fankar kwamfuta ta fara juyawa. Sai ga ƙarar lambobi ana bugawa ɗaya bayan ɗaya, sannan kukan nan na modam, na'urar da ke haɗa kwamfuta da waya, siriri mai karce kunne, wanda Nu'uman ya sani fiye da muryar matarsa. Makullin ya faɗi ƙasa. Bakinsa na neman addu'a, abin da ya fito kawai shi ne, “Innalillahi.”

“Kulsumi ta,” in ji Maigandi, bai ko daina ɗinki ba. “Matar marigayi. Kullum war haka.”

“Ta ina ta shiga?”

“Ta ƙohwar cikin gida mana. Ku mutanen birni kun kulle ta waje kun tahi, kun aza ɗaki ƙohwa guda gare shi.”

Maigandi ya shiga zaure ya yi sallama ya sanar da baƙo. Da ya dawo ya ce an ba da izini, Nu'uman ya buɗe kwaɗon da ƙyar ya shiga. Ɗakin a share yake tas. Ga tebur, ga kujerar katako da matashi ya lotsa, ga littattafan awo na shekara da shekaru a jere. A bayan kabad akwai wata 'yar ƙofa da labule, wadda bai taɓa lura da ita ba. A kan tebur fitilun modam na kiftawa kore. A can ƙasan labulen ya hango ƙafafu biyu babu lalle, da gefen wani zane da ya koɗe. Tana cikin takaba, daga nan za ta yi magana.

“Nu'umanu ne?”

“Ni ne, Inna. Ya haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Ashe kai ne. Muryarka nis sani, ban san huskarka ba.”

Ya durƙusa a kan tabarma, Maigandi ya tsaya a bakin ƙofar waje. Bayan gaisuwa ta lafa, Nu'uman ya tambaya cikin ladabi ko wa ya koya mata shiga saba.

“Ni ina nis san wata saba? Abin ga guda nika dannawa, shi ke nan, sai shi kama kukanai.”

Sai a lokacin ya tuna. Shi da hannunsa ya tsara kwamfutar haka ranar da aka kafa ta, don dattijon ya kasa riƙe matakan. Da an kunna, ita za ta kira Birnin Kebbi ta shigar da sunan da kalmar sirri. Fatalwar da ta hana shi barci kwana da kwanaki, ashe shi ya haɗa ta. Ya ji dariya na neman kuɓuce masa, ya ji kuma wani sanyi na sauka a ƙirjinsa.

“Laihi ne, ko?” in ji ta. “In laihi ne sai in bari. Shekara uku, in nij ji kukan abin ga na san shina zaune, sai in aza ruwan kunu. Da anka watse ran bakwai gidan yay yi shiru, shirun ya hi ƙarhina. Ba ni hita, ba ni zuwa ko'ina. Sai niz zo nit taɓa. Kuma shi kan ce, in abin ga yay yi kuka, Nu'umanu ya ga na kwana lahiya. Nic ce to bari in riƙa gaishe ka madadinai, kar ka ji shiru kai ma.”

“Ina gani, Inna. Kullum ina gani.”

“Alhamdu lillahi. Ashe tana isa.”

Da a nan maganar ta tsaya, da ya koma gida da sauƙi. Amma wanda ya daɗe bai sami abokin magana ba, in ya samu ba ya tsayawa. Ta ce ranar nan ta tafi bikin suna a Augie tun da sassafe, ba ta dawo ba sai gab da azahar. Ta tarar da kunun da ta bar masa ko taɓawa bai yi ba. Ta leƙo ta wannan ƙofa ta gan shi kwance tsakanin kujera da tebur, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, baki ya karkace, amma idonsa biyu, yana kuma iya magana kaɗan-kaɗan.

“Nan inda kake zaune. Ya kasa kai hannu ga waya. Nika kuka, shi ko shina ba ni haƙuri. Yac ce kar in damu, Nu'umanu na ganinai, ya san ba shi daɗewa haka banza, yanzu za shi aiko da mutum. Yac ce daga ƙasa shina hangen 'yar hitilar ga, ta daɗe tana kunne, shina kallonta. Sannan tam mutu.”

Nu'uman ya dubi fitilar. Daga inda yake durƙushe ana ganinta sarai.

“Yac ce iska ce tat taɓa waya bisa hanya, don kai ba ka yanke shi. Ko cikin mota da muka kai shi asibiti sai da yas sake hwaɗi, wai ka ji haushi layi ya lalace.”

“Likita yac ce da an kawo shi da hantsi,” in ji Maigandi daga ƙofa, sai kuma ya haɗiye sauran.

“Abin da nika son tambaya tun ran nan,” in ji Kulsumi, “kai ka gan shi? Ko tun da hwari sunan bai iso ba?”

Ga hanya nan a buɗe, dattijon da kansa ya share masa ita kafin ya tafi. Iska ce. Wa zai ƙaryata? Rajistar tana Birnin Kebbi, matar nan ko harafi ba ta karantawa, Maigandi kuma ruwa ya sani. Kalma ɗaya za ta bar ta da mijinta yadda ya mutu, yana yarda da abokinsa. Nu'uman ya buɗe baki da niyyar faɗin kalmar. A ɗakin nan, a kan tabarmar nan, ya kasa.

“Na gan shi, Inna. Minti ashirin da bakwai ina kallon sunansa. Ba iska ba ce. Ni na yanke shi.”

Labulen bai motsa ba. Fankar kwamfuta na ta juyawa.

“An matsa mini, ga baƙi, ga doka,” ya fara, sai ya ji ƙyamar muryarsa ya yi shiru.

Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba. Tambaya ta yi irin ta mai son fahimta.

“In ka yanke, wayar ɗakin ga tana iya ƙara?”

“Tana iya.”

“Da ka kira ba a ɗauka ba, da ka san da magana.”

“Da na sani.”

“Ka kira?”

“Ban kira ba.”

Maigandi ya juya ya fuskanci hanya. Can bakin gulbi wani na kiran mai kwalekwale, ana amsa masa daga ƙetare. Hawaye na zuba a fuskar Nu'uman, bai share ba, kunya da baƙin ciki sun taru sun danne shi.

“Rai na Allah ne,” in ji ta daga baya. “Kwana in ya ƙare ya ƙare.”

“Na sani, Inna. Amma ki gafarce ni.”

Ya jira. Yatsun ƙafafun nan suka ɗan lanƙwashe a kan siminti.

“Kashe abin ga, wuta shika ci,” ta ce. “Maigandi, a ba baƙo ruwa, ya sha hanya.”

Da ya ɗago kai babu ƙafafun a ƙasan labule. Ya kashe kwamfutar, ya sha ruwan da aka kawo masa a kwanon sha, ya mayar da kwaɗon. Bai zare waya ba, bai taɓa tsarin da ya yi ba. Ya bar komai yadda da an danna zai kira. A bakin hanya Maigandi ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce masa, “Mace ce mai zurhin ciki. Ba ta hwaɗin abu da baki.”

Ranar Litinin tun bakwai yana kan kujera. Hamida ta zo ta tarar da shi, ta tambaye shi labarin Argungu, ya ce mata matar marigayi ce, ba wani ɓarawo. Ta ce, “Allah sarki,” ta zauna. Sauran bai gaya mata ba.

Takwas da minti goma layuka suka cika: Yauri, Bagudo, Jega. Yauri na turowa, Bagudo na turowa. Jega ya yi shiru na minti biyu, ƙila mutumin yana neman fayil ɗinsa ne. Nu'uman ya dubi agogo, ya yanke shi. Jega ya sake kira ya hau layin, ya sake yanke shi.

“Mi kaka yi haka?” in ji Hamida. “Bawan Allah ko minti uku bai yi ba.”

“Layin nan da mai shi.”

Ta dubi fuskarsa, ta koma kan aikinta.

Takwas da kwata ta yi. Da minti ashirin. Da rabi. Yauri ya gama ya fita, Bunza ya shigo ya gama, Jega ya samu ya lallaɓa ta layi na ɗaya ya turo nasa. Wayar teburin Hamida ta yi ƙara, mutumin Jega ne yana faɗa, ta ba shi haƙuri ta ajiye. Alhaji Junaidu ya leƙo da jarida a hammata.

“An goge?”

“Yanzu, yallaɓai.”

Alhaji ya wuce. Tara saura kwata Hamida ta taso ta tsaya a bayansa, su biyu suna kallon wuri ɗaya.

“Ƙila babu wuta Argungu,” ta ce a hankali. “Jiya an yi ruwa da iska.”

“Ƙila,” in ji Nu'uman.

Layi na uku yana nan a buɗe, babu kowa a kai. Ya gyara zama, ya ƙara mata minti biyar.